Akwatin da Haruna Kafinta Ya Gyara

Akwai wani kafinta a Madarumfa, sunansa Haruna. Rumfarsa tana bakin hanyar da ke gangarawa tafki, ƙarƙashin wata tsamiya. Ina jin tsamiya ce. Wani lokaci in na rufe ido sai in ga kamar gawo, amma gawo ba ya da ganye da damina, mu kuwa mun sha fakewa a wurin ana yayyafi. To, tsamiya ce.

Ku yi haƙuri da ni, 'ya'yana masu bin wannan shafi. Tsufa ya fara yi min kwasa a ka. Sunan wanda na gaisa da shi da safe yakan ɓace min kafin azahar. Shi ya sa nake so in sauke muku wannan labari tun da sauransa a wurina.

Haruna gwani ne, babu mai musun wannan. Ƙofa, gado, bencin 'yan lakkwal, wato makarantar boko, duk yana yi. Amma abin da ya fitar da sunansa shi ne akwatin amare. Yakan shafe shi da koren fenti, ya zana jajayen furanni a gaba, ya kafa ɗan madubi a cikin murfi don amarya ta ga fuskarta duk sa'ad da ta buɗe. Daga Gabi ake zuwa wurinsa, daga Sarkin Yamma, har daga Jibiya a tsallaken iyaka.

Aibinsa ɗaya ne. Ba ya tambaya, ba ya kuma sauraro. In ka kawo masa kujera ka fara bayanin inda ta karye, sai ya ɗaga maka hannu.

"Ajiye ka tafi. Katako zai gaya min."

Matarsa Barira kuwa mace ce mai sanyin magana. In ta fara zance ya katse ta, sai ta haɗiye sauran ta ci gaba da aikinta.

A shekarun da aka yi ta bin ƙauyuka ana yi wa mutane lambar agana, 1967 ko 1968, aka turo mana wata ma'aikaciyar jinya daga Amurka. Ranar da ta sauka daga mota garin ya tsaya kallo, don mun zaci Baturiya za mu gani. Sai ga mace baƙa, har ta fi Barira duhu. Sunanta na can ya yi wa bakinmu nauyi, mata suka sa mata Rakiya. Rakiya Mai-lamba. Sunan nata na yanka ya kuɓuce min, Allah ya yafe min.

An ba ta ɗaki a gidan da ke jikin na Haruna, katanga ɗaya ce tsakani. A bakin turmin Barira ta koyi Hausa. Kafin shekara ta zagayo tana kiran Barira Yaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya.

Cikin kayan da Rakiya ta zo da su akwai wani tsohon akwatin katako. Ba babba ba ne, mutum biyu za su ɗauke shi ba wahala. An taɓa yi masa shuɗin fenti, amma ya koɗe, sai a lungu-lungu ake ganin sauransa. Bakin murfin ya lotsa, ya yi sumul a daidai inda hannaye ke kamawa. Akwai tabon ƙuna a sama, inda wata fitila ta taɓa faɗuwa. Ƙafa ɗaya ta gaza sauran. In ka buɗe shi kuwa, wani ƙamshin itace ne da ba mu da irinsa a nan.

A cikin murfin akwai tsaga-tsaga da aka yi da bakin wuƙa, a jere, kowace tsawon ɗan yatsa. Wasu a miƙe suke su kaɗai. Wasu an gitta musu wata a kai. Ina jin guda goma sha ɗaya ne.

Wata rana da hantsi Barira ta shiga ta tarar da Rakiya ta buɗe akwatin tana bin tsagar da yatsa, bakinta yana motsi.

"Addu'a kike yi?"

"Gaisuwa nake yi, Yaya. Zo ki gani."

Ta kama yatsan Barira ta ɗora a kan ta farko.

"Kakan uwata ne ya yi wannan akwati. Bawa ne a gonar auduga, can kudancin ƙasarmu. An hana su karatu, an hana su rubutu. Duk ɗan da aka haifa masa, sai ya buɗe murfin nan ya tsaga ɗaya. Wanda ubangidansa ya sayar kuma, sai ya gitta wata a kai."

Barira ta janye yatsanta, ta sake mayarwa.

"Waɗanda aka gitta fa, ina suka ƙare?"

"Allah kaɗai ya sani. Ba kabari, ba takarda. A nan kawai suke." Ta kai yatsan kan ta ƙarshe, wata 'yar gajeriya. "Wannan kakata ce. Ita ba a sayar da ita ba, don tana goye aka 'yanta bayi."

"To don me kika ɗauko shi zuwa wannan nisan duniya?"

"Uwata ce ta matsa. Ta ce in kai shi ƙasar da aka ɗebo mu, ya shaƙi iskar can, in maido mata."

Mu a Madarumfa, ko waliyyan da suka kwanta tun zamanin da ba wanda ya gani, mun san inda kushewunsu suke a bakin tafki. Yaro ma zai nuna maka. Shi ya sa da Barira ta ba ni wannan labari daga baya, abin ya daɗe yana damuna. A ce zuriya guda, makabartarsu duka murfin akwati ce.

Haruna ya taɓa ganin akwatin sau ɗaya a lokacin. An kira shi ya gyara tagar ɗakin, Rakiya ta fita aiki, Barira tana share mata. Ya buɗe murfin ya yi tsaki.

"Wane ɗan koyo ne ya yi wanga? Ko ƙusa ɗaya babu. Dubi ciki kuma, yara sun yi wasa da wuƙa."

"Malam, ba wasa ba ne. Ai kakanta ne..."

"Ke da ita ku ji da tatsuniyarku. Ni katako na sani."

Barira ta haɗiye sauran.

A shekara ta biyu ciwon shawara ya kama Rakiya. Idanunta suka yi ɗorawa, ta kasa tsayuwa. Aka zo da mota daga Maraɗi, aka ce daga can sai Yamai, daga Yamai sai jirgin sama. Ba a yarda ta ɗauki komai ba sai 'yar jaka. Ana ɗora ta a mota ta riƙe hannun Barira.

"Akwatin, Yaya. Ajiya ce."

"Na karɓa. Allah ya ba ki lafiya."

Shekara biyar Barira tana riƙe da wannan ajiya. Ta ɗora akwatin a kan duwatsu huɗu don kada gara ta hau. Ta zagaye duwatsun da toka. Duk wata sai ta sauya ganyen dogon yaro da take zubawa a ciki. In ta buɗe, takan bi tsagar da yatsa daga ta farko zuwa ta ƙarshe. Ta ce kada su ji an bar su ba mai gaishe su.

Sai fari ya zo. Waɗanda suka ga 1973 ba sa bukatar in gaya musu. Tafkin nan ya ja baya har muna takawa inda da ake jefa taru. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba. Maza suka watse, wasu Katsina, wasu Kano. Barira ta fitar da kwanonin jerenta ɗaya bayan ɗaya, ta fitar da tabarmin ɗakinta, har gadon da Haruna ya yi mata na aure ya tafi kasuwa. Akwatin yana nan kan duwatsunsa.

A shekara ta gaba, wadda soja suka karɓi mulki, aka fara kawo jar dawa ta agaji a manyan motoci. Cikin direbobin akwai Ɗan Azumi, taubashin Haruna. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Shi ne ya tsaya a rumfar Haruna wata rana ko injin bai kashe ba.

"Gwani na masu karyayyun kujeru, albishirinka. Rakiyarku ta dawo. Tana Yamai cikin masu rabon dawa. An ce kafin wata ya mutu za ta iso nan."

Barira ba ta gari. Ɗiyarsu Kulu ta haihu a Gabi, ta tafi yi mata wankan jego, sai an yi arba'in za ta dawo.

Haruna ya shiga ɗaki ya tsaya a gaban akwatin. Ku fahimce ni, ba mugunta ce ta motsa shi ba. A wurinmu abin kunya ne a ba ka ajiya ka maido ta a yamutse. Wanda ya isa, gyara ta yake yi ta fi yadda aka ba shi. Balle a ce ajiyar katako ce, ta shekara biyar a gidan babban kafintan Madarumfa, ta fita a koɗe da gurguwar ƙafa. Me mutanen Amurka za su ce da mu? Haka ya faɗa min da bakinsa.

A shekarar da mutane ke tonon gidan tururuwa don neman tsaba, Haruna ya sayar da akuyar da ta rage masa, ya ba Ɗan Azumi saƙon fenti da madubi daga Jibiya.

Kwana uku ya yi a kansa. Ya kankare sauran shuɗin fentin. Ya goge tabon fitilar. Ya feƙe bakin murfin da hannaye suka lotsa har ya miƙe. Ya sauya gajeriyar ƙafar, ya bi kusurwoyi da ƙusoshi. Da ya zo cikin murfin, madubi ba zai zauna a kan tsaga ba. Sai ya sa ƙarfen kankare katako ya bi wurin, sau ɗaya, sau biyu, har ya yi fari fes. Tarkacen da ya zubo, wata maƙwabciya ta roƙa ta hura wuta da shi.

Ina da hannu a ciki, ba zan ɓoye ba. Ni nake karanta wa mutanen unguwa wasiƙa a lokacin. Haruna ya ce in rubuta masa sunansa da boko a takarda don ya kwaikwaya da fenti a gefen akwatin. Na rubuta. Har na yaba masa furannin. Ni ma ban tambaya ba.

Ranar da Barira ta dawo daga Gabi, ko mayafi ba ta cire ba ya ja ta ɗaki.

"Zo ki ga ajiyarki."

Ta ga koren akwati mai jajayen furanni. Ta dube shi, ta dubi duwatsun nan huɗu da ke ƙarƙashinsa. Ta durƙusa a hankali ta ɗaga murfin.

Fuskarta ta gani.

Ta sa yatsa ta bi gefen madubin, sama da ƙasa. Ba ta ji komai ba sai sumul.

"Malam, ina mutanen?"

"Waɗanne mutane?"

"'Ya'yan kakanta. Suna nan ciki."

"Wai zanen yaran nan? Na kankare. Ba ki ga yadda ya fito ba?"

A karo na farko tun aurensu, Barira ba ta haɗiye sauran ba. Tana durƙushe, ba ta ɗaga murya ba, ta ba shi labarin daga farko har ƙarshe. Gonar auduga, wuƙar, waɗanda aka gitta, 'yar gajeriyar ta ƙarshe.

"Tsagar gidanku da ke kumatunka, in wani ya same ka kana barci ya goge ta don fuskarka ta yi kyau, gyara ya yi maka?"

Haruna ya kai hannu kumatunsa. Ya fita. An gan shi a gidan maƙwabciyar nan yana tona tokar murhu da yatsu. Kwana goma sha wani abu da hura wutar.

Bayan kwana biyu wasiƙa ta iso daga Yamai, Rakiya ta rubuto da Hausarta. Aka kira ni. Na zauna a zauren Haruna na karanta, Barira tana bayan ƙyaure. Gaisuwa ce mai tsawo, ta tambayi kowa da sunansa. Sai a ƙarshe ta ce:

"Yaya, uwata ta makance shekara biyu ke nan, jikinta kuma ya yi rauni. Ba ta roƙona komai sai abu ɗaya. Ta ce in kawo mata akwatin ta sa yatsunta a kan tsagar nan kafin ta tafi. Don wannan na nemi aikin rabon dawa. Zan zo ranar Laraba ta sama."

Na ninke takardar. Na miƙa wa Haruna. Akwai wurin da ilimin malami ba ya da amfani, wannan zauren yana cikinsu.

Ɗan Azumi ne ya kawo shawara da ya ji abin da ya faru. Wannan karon bai yi tsokana ba.

"Taubashi, kai fa gwani ne. Cire madubin ka sake tsaga su. Ka turara da hayaƙi, ka shafa man kaɗanya, su yi duhu. Tsohuwar ba ta gani. Ita Rakiya shekara biyar rabonta da shi. Wa aka cuta? Tsohuwa ta mutu da farin ciki, kai ka fita kunya."

Haruna ya ɗauki guntun katako ya gwada. Ya tsaga, ya gitta, ya turara, ya murza da man kaɗanya da ƙasa. Na ga guntun da idona. Wallahi in aka ce maka ya shekara ɗari ba za ka musa ba.

Abu ɗaya ya rage masa. Bai san adadinsu ba, bai san wacce aka gitta ba, don bai taɓa tsayawa ya duba ba. Barira kaɗai ta sani, a yatsanta yake.

Ya same ta tana tankaɗen jar dawa.

"Barira, guda nawa ne?"

Ta ci gaba da tankaɗe.

"Da ke nake. Ta nawa da ta nawa aka gitta?"

"Malam, shekara ashirin da shida ban taɓa ƙin maganarka ba. Wannan ba zan faɗa ba."

"So kike in tozarta a gaban baƙuwa?"

"Ka goge hannun mutum. Yanzu kuma za ka sa naka ka ce nasa ne. Makauniya ta shafa wuƙarka tana kiran sunan 'yan uwan uwarta." Ta ajiye rariyar. "Ni aka ba ajiyar nan. Na kasa tsare ta. Bar ni da wannan kaɗai, kada ka ƙara min da ƙarya."

Ya daɗe a tsaye. Da ya ga dama zai iya ƙirƙiro adadin da kansa, ya yi fatan a dace. Ya koma rumfa ya zauna da guntun katakon a hannu har la'asar. Ya zo wurina ya ce, "Malam, akwai wata hanya?" Na ce ban san ta ba. Gaskiya na faɗa masa.

Ranar Laraba da hantsi motar Ɗan Azumi ta shigo da buhunan dawa, Rakiya tana gaba. Ta rame, furfura ta fara fito mata. Ita da Barira suka rungume juna suna kuka suna dariya. Aka yi gaisuwa, aka tambayi waɗanda suka rasu, suna da yawa a wannan shekara. Aka kawo mata ruwa.

Haruna da kansa ya fito da akwatin tsakar gida. Ya riga ya cire madubin. Ya ajiye a gabanta, ya cire hularsa, ya durƙusa kamar mai gaida sarki. Ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a salla.

"Rakiya, wannan akwatinki ne. Ni na maishe shi haka. Barira ba ta nan, ba ta sani ba. Ta so ta gaya min tun da daɗewa, na hana ta magana. Buɗe ki gani."

Ta buɗe. Farin katako, da ramukan ƙusa huɗu inda madubin ya zauna.

Ta ɗora tafin hannunta a kai. Ta shafa daga wannan gefe zuwa wancan. Ta sake shafawa, a hankali, ko wata ta tsira. Sai ta zauna a ƙasa, a kan turɓaya, da fararen kayan aikinta.

"Abin da ka kankare, yana ina?"

"An hura wuta da shi."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, da ta yi da ya fi mana sauƙi.

"Me zan gaya wa uwata?"

Ba Haruna take tambaya ba, ba kuma ni ba.

Haruna ya zaro guntun katakon nan daga aljihu ya ajiye kusa da ita.

"Akwai saura. Na yi niyyar in sake tsaga su in ruɗe ki. Ga gwajin da na yi. Yayarki ce ta hana."

Rakiya ta ɗauka ta juya shi a hannu, ta bi tsagar da yatsa.

"Ni da ka ruɗe ni," in ji ta. "Ita kuwa tun tana 'yar shekara biyar take shafa su. Da ta gane. Da ta mutu tana zaton ni na yi mata ƙarya." Ta miƙa masa abinsa. "Na gode da ba ka yi ba. Sauran kuma, ka ba ni lokaci. Yau ba zan iya ba."

Kashegari da safe za ta koma. Aka kawo tabarma za a naɗe akwatin don kada hanya ta ƙuje shi. Haruna da Ɗan Azumi suka kifa shi, gindinsa ya kalli sama. Katakon ƙasan baƙi ne, kaca-kaca da sara, babu fenti ko ɗigo.

Ɗan Azumi, da bakinsa ba ya iya zama, ya ce, "Gwani, ashe nan ba ka gyara ba."

"Wa zai ga ƙasa?" in ji Haruna, murya can ciki.

Sai ya ƙura wa katakon ido. Ya sunkuya. Ya juya akwatin ya fuskanci rana, ya ɗora yatsunsa a kan saran, yana bi ɗaya bayan ɗaya. Muka tsaya muna kallonsa.

"Rakiya, zo ki ga wani abu. Wannan saran gizago ne, da shi ya daidaita katakon. Dubi yadda kowane sara ya kwanta, daga nan ya gangaro nan. Ni in na sara, ta wancan gefen yake kwanciya." Ya ɗaga kai. "Kakanki bahago ne."

Rakiya ta durƙusa kusa da shi.

"Ga wani ɗan siririn layi cikin kowane sara, kin ji shi? Bakin gizagonsa yana da giɓi. Mataccen ƙarfe suka ba shi. Nan saran ya yi zurfi, da ƙarfinsa ya fara. Nan ya gaji, ko haske ya ƙare masa, ya bari ya dawo wata rana. Amma ɗora hannunki ki ji, ko'ina daidai yake." Ya goge idonsa da bakin riga. "Da wannan gizagon, ni ba zan iya ba. Ɗan koyo na kira shi."

Rakiya ta ɗora hannunta na hagu a kan saran. Ta daɗe.

"Uwata bahaguwa ce," ta ce. "Ni ma haka aka haife ni, a lakkwal aka hana ni da bulala. Ba wanda ya taɓa gaya mana daga wurinsa ne."

Katako ya gaya masa, kamar yadda yake faɗa kullum. Sai dai ranar ce ta farko da ya tsaya ya saurara, kuma ya makara da murfi guda.

Aka naɗe akwatin, mota ta tashi.

Bayan wata biyar ko shida wasiƙa ta zo, ni na karanta. Akwatin ya bi jirgin ruwa, ya tarar da tsohuwar da rai. Rakiya ta ce ta gaya mata gaskiya tun kafin ta taɓa. Duk da haka tsohuwar ta ce a buɗe. Ta shafa cikin murfin ta daɗe tana shafawa, sa'an nan ta ce, "Sun sake tafiya." Kwana biyu ba ta ci abinci ba.

A rana ta uku Rakiya ta kifa akwatin a bakin gadonta, ta ɗora mata hannun hagu a kan saran gizagon, ta faɗa mata abin da kafintan Madarumfa ya ce. Tsohuwar ta bi saran har inda mai shi ya gaji. Ta ce a bar shi a kife. A haka ya zauna kusa da ita har ta rasu.

A ƙasan wasiƙar akwai layi ɗaya na Haruna. "Ka gaya wa mijin Yaya na yafe. Uwata ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ban matsa mata ba."

Haruna ya rayu shekaru da yawa bayan haka. Ya ci gaba da yin akwatin amare, don da shi yake ci. Amma in ka kawo masa tsohon abu, ko turmi ne da ya tsage, sai ya shimfiɗa maka buzu ya ce, "Zauna. Na wa ne? Wa ya sassaƙa? Wannan tabon fa, me ya kawo shi?" Har mutane suka fara ƙorafin ya cika tambaya. Guntun katakon nan kuwa yana rataye a rumfarsa har ya bar duniya. Bai taɓa gaya wa masu tambaya ko na mene ne ba.

Barira ta riga shi tafiya. Ita kaɗai ce a ƙasar nan take da tsagar a yatsanta. Ta sha gaya min adadinsu, da waɗanda aka gitta. Na ce muku sha ɗaya a farko. Yanzu da na zo ƙarshe zuciyata tana ce min sha uku. Na zauna tun safe ina ƙoƙarin tunawa, abin ya ƙi. Kuma babu murfin da zan koma in buɗe in duba.

Darasi: Kafin ka gyara abin da ba naka ba, tambayi mai shi, ka kuma bari wanda ya sani ya kai ƙarshen maganarsa, ko matarka ce, ko wanda kake ganin ka fi shi. Tabon da ka ɗauka aibi ne, wataƙila shi kaɗai ya rage wa wani daga iyayensa, kuma kyakkyawar niyya ba ta maido abin da aka kankare. In kuwa ka riga ka yi ɓarnar, faɗi gaskiya, kada ka rufe ta da gwaninta. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman masu shirin fitar da tsofaffin kayan gida. Ku ce su zauna da tsohon da ya rage musu, su tambaye shi tun yana iya tunawa.